SHAFIN MASU MOTA: Kafin Ka Shiga Ƙarƙashin Jif

A wannan wata za mu amsa wasiƙar wani ɗan'uwa ne daga Sabon Zango na Ankara. Ya ce Allah ya hore masa ya sayi Prado ta hannu, kuma kuɗin fita ya fara isarsa, don haka yana so ya riƙa canza man inji da gyaran birki da kansa a gida ranar Lahadi. Tambayarsa ita ce: jak mai tan nawa zai saya?

To Malam, Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Amsar a taƙaice ita ce tan 3. Amma da zan tsaya nan da na cuce ka, domin tambayar da ka yi ita ce mafi sauƙi cikin waɗanda ya kamata ka yi.

Bari in fara da abin da na gani da idona a unguwarmu a Kumasi. Wani maƙwabcina, mutum mai hankali, ba yaro ba, ya ɗaga Highlander ɗinsa a ƙofar gida da ɗan jak ɗin nan mai kama da almakashi wanda ke zuwa tare da mota. Da ya ga tsawon bai isa ba sai ya ɗora jak ɗin a kan bulo biyu. Ya cire taya, ya zauna ya miƙa ƙafafu a ƙarƙashin motar, yana kokawa da wani noti da ya yi tsatsa. Ya ja sifana da ƙarfi, motar ta ɗan gusa, bulo ya ruguje. Faifan birki ya sauka a ƙasa tsakanin ƙafafunsa biyu, amma gefen motar ya sami gwiwarsa ta hagu. Wata huɗu ya yi a kwance, har yau kuma a zaune yake salla. Abin da yake son ragewa a wurin fita bai kai kuɗin hoton ƙashi na ranar farko ba.

Jak iri uku ne za ka tarar a Abossey Okai ko a Suame Magazine. Na farko shi ne mai almakashin da na ambata. Wannan an yi shi ne don ranar da taya ta yi faci a hanya, a cire a sa sifiya a wuce; ba kayan aiki ba ne. Na biyu shi ne mai siffar kwalba, wanda direbobin manyan motoci suka sani. Yana da ƙarfi, ba shi da tsada, amma gindinsa ƙarami ne, kansa kuma bai fi faɗin kwabo ba, ga shi tafiyarsa sama gajeriya ce. Na uku shi ne dogon nan mai tayoyi da sandar bugawa, wanda masu sayarwa da yawa ke kiransa jak ɗin kada saboda siffarsa. Shi ne na aikin gida, kuma a kansa za mu yi magana.

Batun nauyi ba shi da wuya. Jak ba ya ɗaga mota gaba ɗaya, gefe guda yake ɗagawa, gaba ko baya. Shi ya sa ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙarfin jak ya kai aƙalla kashi uku cikin huɗu na nauyin motar. RAV4 da CR-V suna wajen kilo 1,600 zuwa 1,700. Prado ta haura kilo 2,000. Babbar Land Cruiser mai V8 kuwa ta wuce kilo 2,500, tun kafin a cika tanki a zuba kaya. Idan ka buɗe ƙofar direba za ka ga takarda manne a jikin ginshiƙi, musamman a motocin da suka zo daga Amurka ta tashar Tema, an rubuta iyakar nauyin motar da lodinta. Ka yi lissafi da wannan. Ka kuma sani cewa tan na Amurka kilo 907 ne, ba 1,000 ba, saboda haka jak ɗin da aka rubuta wa tan 2 da ma'auninsu bai kai yadda kake zato ba. Wannan ne dalilin da na ce tan 3, don kada ka riƙa aiki a bakin iyakar ƙarfinsa.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne tsawo. Motar jif tana da tsayi, kuma idan ka ɗaga jikinta, taya ba ta tashi nan take. Jiki zai yi ta hawa, sifirin yana miƙewa, taya tana nan zaune a ƙasa abinta, sai an yi nisa kafin ta rabu da ƙasa. Ƙananan jak masu tan 2 da ake sayarwa cikin akwatin roba, da yawansu ba sa wuce santimita 33 zuwa 38. A ce ka auna daga ƙasa zuwa wurin da za ka sa jak ka sami santimita 30, to ka ga saura kaɗan ya rage masa, zai ƙure taya ba ta motsa ba. Daga nan ne shaiɗan ke kawo shawarar bulo. Don haka kafin ka tafi kasuwa ka ɗauki tef ka auna motarka, ka ƙara santimita 15 zuwa 20 a kan abin da ka samu, ka rubuta a takarda. Ga yawancin motocin jif za ka ga kana bukatar wanda ke kaiwa santimita 50 ko fiye. Ka tafi da tef ɗin, ka sa mai shago ya buga jak ɗin har ƙarshe a gabanka, ka auna. Idan ya ji haushi, akwai wani shagon.

Tunda kana wurin, ka duba walda ko ta yi tsabta, ka duba ko mai na tsattsafowa a jikin silinda, ka murɗa sandar ka ga ko yana sauka a hankali ko faɗuwa yake yi. Mai faɗin gindi da faɗin tafi ya fi. Na ƙarfe mai tan 3 yana da nauyi ƙwarai, ɗaukarsa sai an yi nishi, amma tunda a gida zai zauna wannan ba aibu ba ne. Idan na hannu ne, ka roƙa a ɗora masa mota a bar ta minti goma, ka auna kafin da bayan. Wanda ya sauka ko da kaurin yatsa ne, ka bar musu kayansu. Araha ba ta ado.

Yanzu ga babbar maganar. Ka san abin da ke riƙe da motarka idan tana kan jak? Mai ne a cikin silinda, wanda wani ɗan zoben roba da wata 'yar ƙwallon ƙarfe a cikin bawul suka tare shi kada ya koma. Shi ke nan. Zoben nan ba ya kai girman munduwar jariri. Yana tsufa, zafi yana busar da shi, ƙurar hunturu tana cinsa, kuma ranar da zai yage ba ya sallama. Saboda haka aikin jak shi ne ya kai mota sama, daga nan sai a miƙa ta ga matokaran ƙarfe, wato waɗannan masu ƙafa uku ko huɗu da ake ɗora mota a kai. Wanda ya sayi jak bai sayi matokarai ba, rabin kaya ya saya. Idan kuɗinka ba zai kai duka biyun ba a wannan wata, ka ci gaba da zuwa wurin fita har ya kai.

Su ma matokaran sai an lura. Da yawa, musamman masu zuwa daga Amurka, adadin tan da aka rubuta a jikinsu na guda biyu ne a haɗe, ba na ɗaya ba. Masu tan 3 yawanci suna tsayawa a wajen santimita 42, masu tan 6 kuwa suna kaiwa wajen 60, ga gindinsu ya fi faɗi. Ga mai Prado ko Land Cruiser ko Patrol, ni masu tan 6 zan saya, don tsawon da faɗin. Ka nemi waɗanda bayan harshen da ke kama haƙora suna da ƙusar ƙarfe da ke ratsa su a kulle. A shekarar 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai kimanin miliyan 1.7 masu sunan Pittsburgh, masu tan 3 da masu tan 6, domin harshen nan na iya kuɓucewa mota ta faɗo. Bayan 'yan makonni kuma ya sake janye wasu daga cikin waɗanda aka bayar a madadinsu saboda matsalar walda. Mu da kayan hannu na Amurka ke shigo mana a kwantena ba dare ba rana, idan ka ga wannan suna a jikin tsohon matokari kuma ba ka san tarihinsa ba, wucewa ya fi.

Sai wurin aiki. Wannan ita ce matsalarmu a zango, domin kaɗan ne cikinmu ke da daɓen siminti shimfiɗaɗɗe. Ƙofar gida ko dai jar ƙasa ce, ko yashi, ko gangare zuwa kwata. Ka lura da yadda jak ɗin kada ke aiki: hannunsa ba ya tashi a miƙe, zagaye yake yi, don haka yayin da mota ke hawa dole jak ɗin ya gangara a kan tayoyinsa ya ƙara shiga ƙarƙashinta. Idan tayoyin sun nutse a ƙasa ba za su gangara ba, sai tafin jak ya riƙa jan motar, ko ya zame daga inda ka sa shi. Idan ba siminti, ka nemi faffaɗan farantin ƙarfe mai kauri ko katako mai kauri lafiyayye ka shimfiɗa. Kwalta ma da tsakar rana tana laushi, ƙafafun matokari suna lumewa a ciki. Gangare kuwa babu dabara, sai dai a canza wuri. Bulo kuma, don Allah a bar shi wa magina. Bulonmu yashi ne da ɗan siminti, ga rami a ciki. Katako yana ƙara kafin ya karye, bulo ba ya gargaɗi.

Ina ake sa jak? Ya danganta da ginin motar. Land Cruiser da Prado da Patrol da Fortuner suna da shasi, wato dogayen ƙarafa biyu daga gaba zuwa baya waɗanda aka ɗora jikin motar a kansu, kuma a kan waɗannan ƙarafan ake kafa matokarai. RAV4 da CR-V da Highlander ba su da shi, jikinsu shi ne ƙashinsu. A irin waɗannan akwai wuri huɗu da aka ƙarfafa a bakin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, bayan tayar gaba da gaban tayar baya, galibi da 'yar tsaga biyu a matsayin alama. Ka sa guntun roba mai kauri a tafin jak don kada bakin ya lanƙwashe. Kada ka taɓa sa jak a ƙarƙashin tukunyar man inji, ko tankin fetur, ko matakalar gefe, ko ƙarfen da ke riƙe da lagireto. Littafin motar yana da zanen wuraren duka. Idan motar ta zo ba littafi, kamar yadda aka saba, ka sa yaro ya nemo maka shi a intanet da sunan motar da shekararta.

Ga yadda nake yi. A kashe inji a cire makulli. Masu motar da ke haɗa fetur da batir su tabbata ta mutu sarai, domin irinta tana iya yin shiru alhali a kunne take, injin ya tashi da kansa. Idan motarka tana da maɓallin ɗaga jiki da saukewa, kamar wasu Lexus da Land Cruiser, a kashe shi tukuna. A sa giya a P, ko giya ta ɗaya, a ja birkin hannu, a sa waigi gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Kada ka raina waigi: birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, idan ka ɗaga baya to ka ɗaga birkin tare da su. A sassauta notunan taya tun mota tana ƙasa, rabin murɗa ya isa. Sannan a ɗaga a hankali, ana leƙawa. A kafa matokarai biyu a tsawo ɗaya, a sauke motar a kansu sannu sannu har nauyin ya zauna, a bar jak ɗin yana ɗan taɓa motar a matsayin mai gadi. Daga nan ka kama motar da hannu biyu ka girgiza ta da ƙarfi. Idan za ta faɗi, gara ta faɗi kana tsaye. Tayar da ka cire kuma ka tura ta kwance a ƙarƙashin gefen motar, kusa da inda za ka yi aiki.

Kada ka yi wannan aiki kai kaɗai a gida. A sami babba a kusa wanda ka nuna wa yadda ake buga jak, a kuma kori yara, domin ba abin da ke jan hannun yaro kamar sandar jak.

Wajen saukewa sai a bi baya: a ɗaga kaɗan, a zare matokarai, a sauke a hankali, sannan a ɗaure notuna sosai mota tana ƙasa, ana tsallakawa daga wannan zuwa na ƙetarensa. Bayan an yi 'yar tafiya a sake gwada su.

Abu na ƙarshe, Malam, idan man jak ya ragu kada ka bari kowa ya zuba masa man birki, ko da fita ne ya ce haka suke yi. Man birki yana lalata zoben robar nan da muka yi magana a kai. Akwai man jak na musamman a shagunan kayan mota, ƙaramar kwalba za ta daɗe maka. Ka ajiye jak ɗin a sauke, a inuwa, inda ruwan sama ba ya dukansa.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba wasiƙar wata hajiya daga Tamale a kan batirin da ke mutuwa duk safiya. A ci gaba da aiko da tambayoyi ta hannun edita. Wassalam.