RA'AYINMU: Araha Ba Ta Ado

A 'yan shekarun nan matasa da dama a Tamale sun koma sayen kayan kwamfuta ɗai-ɗai suna haɗawa da kansu, a yi lissafin shago da rana, a buga wasa da dare. Yawancin kayan na hannu ne da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma 'yan kasuwarmu na cikin masu kai su Arewa.

To amma akwai abin lura. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10, alhali Windows 11 ba ta amince da akasarin farosesar Intel da ba ta kai zubi na 8 ba. Wanda ya cika shago da tsofaffin, jarinsa zai kwanta. Wanda ya saya kuwa, bayanan cinikinsa na cikin haɗari.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwa daga Aboabo har Paga da Bawku da su riƙa faɗa wa mai saye zubin farosesa, su kuma bari a gwada kafin a biya. Amana ita ce jari. Allah Ya sa mu dace.