Hausa ta zama harshen ƙasa: wa zai zana mana littattafan?

Tun cikin watan Maris na 2025 sabon kundin tsarin mulkin Nijar ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma suka koma harsunan aiki. Mun yi murna. To amma jama'a, doka takarda ce. Tambayarmu ita ce: yaushe littafin Hausa zai sauka kasuwar Gangara, ko ta Gazawa, Agye da Gidan Rumji, kusa da tiren goro da kwaryar ƙuli-ƙuli?

Mu ƴan kasuwa mun san abin da ke sayar da kaya. Mace takan gane sabulu ko magi da hoton da ke jikin kwali, ba sai ta karanta sunan ba. Ranar zaɓe ma alamar jam'iyya ake dubawa. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Littafin da babu hoto, uwar da ba ta yi lakwal ba ba za ta fidda kuɗin cefanenta ta saya wa ɗanta ba.

Faransawa sun gane haka tun da daɗewa. Akwai wani mai zane da ake kira Granbil, an haife shi a garin Nansi a 1803. A 1829 ya yi suna da zanen mutane masu kawunan dabbobi, yana yi wa manya ba'a, kamar yadda tatsuniyoyinmu ke yi da Gizo da kura. A watan Satumba na 1835 gwamnatin Sarki Luwi Filib ta kafa dokar cewa ba a buga zane sai da izini. Sai Granbil ya karkata ga littattafai. A 1838 ya yi wa tatsuniyoyin La Fonten hotuna, masu buga littafi suka riƙa neman aikinsa suna biya. Ya rasu a 1847, amma har yau ana buga zanensa.

Abin lura, ƴan kasuwar littafi ne suka riƙe shi, don sun ga hoto na jawo mai saye. Mu ma muna da masu zane: samarin da ke zana allunan shagunan aski da jikin manyan motoci a Maraɗi. Me zai hana a ɗauke su aikin littattafan lakwal da na yaƙi da jahilci, su zana rijiya, rumbu da amalanke irin namu?

Kira ga hukumomin ilimi da attajiran Maraɗi: a biya mai zane haƙƙinsa, a sa sunansa a bangon littafi, a kuma yi farashin da mai sayar da ƙosai za ta iya. In ba haka ba, Hausa za ta zauna cikin kundi a Yamai, yaranmu kuma su ci gaba da kallon hotunan wasu.