Jirage a Agadas, Makoki a Gobir

A 2014 da 2018 Amurka ta tara sojojin Afirka da na Turai a Nijar domin atisayen Flintlock, jirage suna sauka suna tashi a Agadas, wai horo ne na murƙushe ta'addanci. To, me ya tsinana wa talakan Gangara, wanda sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shiga gonarsa? A 2024 Amurkawa suka kwashe jiragensu, a shekarar nan kuma Sarkin Gobir na Gatawa ya rasu a hannun azzalumai. Muna kira ga mahukuntan Nijeriya da Nijar su ji tsoron Allah, su daina jiran baƙo, su haɗa dakarunsu su tsare iyakar Sabon Birni da Maraɗi.