Bidiyon Shafinku: Ku Bar wa YouTube Dakon Kaya

'Yan uwana masu haɗa shafin intanet a matsayin aikin kammala karatu, shawarata ita ce ku daina loda bidiyo kai tsaye a sabar da kuka yi haya. Na san kowa so yake a ce komai nasa ne. To amma wa zai kalla? Mutumin Getso ko Kabo ne, wanda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ga tsadar data. Bidiyon da ka loda da kanka nauyinsa ɗaya ga kowa, sai ya tsaya yana ta juyawa har mutum ya haƙura. YouTube kuwa idan sabis ya yi rauni sai ya sauke hoton har 144p, kallo ya ci gaba. Ko Izzar So a can ya yi suna tun 2020.

Sai dai fa zanen aro ba ya rufe katara. Gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Saboda haka ku ɗora a YouTube, ku liƙa shi a shafinku, asalin kuma ku adana a filashi biyu.