Me Ya Sa Teburin Mai Shayi Ke Mutuwa Tare Da Mai Shi?



Babu unguwar da za ka shiga a garin Gombe ka rasa mai shayi. Jekadafari, Pantami, Bolari, Herwagana, Tudun Wada, Kumbiya-kumbiya, ko'ina da zarar an sallame sallar asuba za ka tarar da tukunya a kan wuta, an jera burodi da gwangwanayen madara, gefe guda kuma ga mai ƙosai da koko. A tashoshin mota irin su Tashar Dukku da Tashar Bauchi, wasu teburan sai dare ya raba suke tashi. Wannan sana'a ta ciyar da gidaje, ta aurar da 'ya'ya, ta biya kuɗin makaranta.

Amma mu tambayi kanmu: teburi nawa muka sani wanda kaka ya kafa, ɗa ya riƙe, yau jika ke tsaye a kai, da sunan nan dai? Abin da muka saba gani shi ne, ranar da mai teburi ya kwanta ciwo ko ya rasu, sai a sayar da benci da tukunya, a raba 'yan kuɗin, sunan da aka yi shekara talatin ana ginawa ya bi iska. Mu a wannan ƙungiya muna ganin wannan asara ce da za a iya tarewa. Domin nuna hakan, bari mu leƙa tarihin wasu mutane da suka fara da irin wannan ƙaramar sana'a, ta kuma rayu bayan ransu.

A Amurka akwai shagunan da ake kira Dunkin'. Abin da suka shahara da shi abu biyu ne: gahawa, wato abin da masu shayinmu ke kira Nescafe, da kuma donot, wanda ɗan uwan fankenmu ne, sai dai yana da huji a tsakiya. Wanda ya kafa su, William Rosenberg, ya bar makaranta tun yana yaro domin ya taimaki iyayensa. A 1946 ya fara kai wa ma'aikatan masana'antu abinci a mota, yana bin su har ƙofar wurin aiki. Da yake yana lissafin cinikinsa, sai ya lura cewa gahawa da donot ne ke kawo masa kaso mai tsoka. A 1948 ya buɗe shago a garin Quincy da ke jihar Massachusetts, a 1950 ya sa masa suna Dunkin' Donuts. A 1955 ya fara bayar da hayar suna: mutum ya kawo jarinsa, a ba shi sunan shagon da ma'aunin kwaɓi da horo, shi kuma ya riƙa biyan wani kaso na cinikinsa. Zuwa 1963 shagunan sun kai ɗari, a shekarar ne kuma ɗansa Robert ya karɓi ragama. Yau sun haura dubu goma sha uku a faɗin duniya.

Ba mu yarda cewa donot ɗin Rosenberg ya fi ƙosan Gombe daɗi ba. Abin da ya yi wanda mu ba mu yi shi ne, ya fitar da sana'ar daga cikin kansa ya sa ta a takarda. Fulawa nawa, sukari nawa, minti nawa a cikin mai, duk an auna an rubuta, an koyar. Shi ya sa ko yana nan ko ba ya nan, ɗanɗanon bai canjawa. A wurinmu kuwa, sirrin haɗin shayi yana hannun maigida kaɗai. Ranar da ya yi tafiya, abokan ciniki suna kurɓa za su ce, "Yau ba shi ya haɗa ba."

Labari na biyu daga Kanada yake, kuma ya fi kusa da matsalarmu ta mutuwa da gado. Tim Horton ɗan wasan hoki ne na kan ƙanƙara. A 1964 ya buɗe shagon gahawa da donot a birnin Hamilton. Wani tsohon ɗan sanda, Ron Joyce, ya karɓi riƙon shagon, zuwa 1967 sun zama abokan tarayya. A watan Fabrairun 1974 Horton ya rasu a haɗarin mota, lokacin shagunan sun kai arba'in. Da a ce teburinmu ne, da an watse. Amma da yake akwai tarayya a rubuce da tsarin da kowane shago ke bi, aiki bai tsaya ba. Yau Tim Hortons na da shaguna sama da dubu biyar.

Sai dai labarin yana da ɗaci. Joyce ya sayi kason iyalan mamacin a kan kimanin dala miliyan ɗaya. Da kamfanin ya bunƙasa, matar Horton ta je kotu tana neman a warware cinikin, amma a 1993 kotu ta ƙi. Darasin a nan baki biyu gare shi. Rubutu ya ceci sana'ar, gaggawar sayar da kaso kuma ta raba iyali da arzikin da ubansu ya shuka. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado a garin nan ya san yadda ake karyar da kayan sana'a kafin a yi sadakar arba'in, don kawai kowa ya karɓi nasa ya tashi.

Kada wani ya ce waɗannan labaran Turawa ne. A nan gida Najeriya muna da namu. Kamfanin UAC yana da 'yan wuraren shan gahawa a cikin manyan kantunansa na Kingsway tun shekarun 1960. A 1973 aka mayar da su Kingsway Rendezvous, sannan a 1986 aka buɗe Mr Bigg's na farko a Marina da ke Legas. Shi ma ya bi hanyar hayar suna, har rassansa suka haura 170 a faɗin ƙasar nan. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 sun tuna lokacin da kai yara Mr Bigg's ranar Sallah abin alfahari ne. A 2013 wani kamfanin Afirka ta Kudu, Famous Brands, ya sayi kashi 49 cikin ɗari na harkar. Yau rassa da yawa sun rufe, wasu irin su Chicken Republic sun cike gurbin. A fahimtarmu, babban abin da ya ci shi shi ne yawan rassa ba tare da isasshen sa ido ba. Ka ci a wannan reshe ka ji daɗi, ka je wancan ka yi da-na-sani. Suna kamar farin ƙyalle ne, ɗigon manja ɗaya ya isa ya ɓata shi.

To, me ya sa muke ɗaga wannan magana yanzu? Saboda Gombe ta yau ba ta jiya ba ce. Tun da aka ƙirƙiri jihar ranar 1 ga Oktoba 1996, gari ke ta faɗaɗa. Ga ma'aikatan gwamnati, ga ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, ga masu jinya da ma'aikata a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ga 'yan uwanmu da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe da Adamawa suka zauna tare da mu. Duk waɗannan bakuna ne da ke neman karin kumallo kafin ƙarfe takwas. Inda kasuwa ta buɗe haka, masu manyan jari ba sa daɗewa ba su hango ta ba. Krispy Kreme, wani kamfanin donot na Amurka da aka kafa a 1937, ya shigo Legas tun 2018. Ranar da irin waɗannan suka juyo Arewa maso Gabas, idan ba mu shirya ba, 'ya'yan masu shayinmu za su koma 'yan share tebur a shagon wani, a kan sana'ar da suka buɗe ido suka gani a gidansu.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Wasu za su ce teburin mai shayi majalisa ce. A nan ake jin labarin gari, a yi gardamar siyasa da ƙwallo, a nan ɗan acaba ke cin bashi har ya samu ya biya. Shagon gilashi mai na'urar sanyaya ɗaki ba zai ba ka bashin Indomie da ƙwai ba. Gaskiya ne, kuma ba mu son a rasa wannan. Amma rubuta ma'auni da lissafi bai hana a ajiye benci ba. Hasali ma, littafin bashi shi ke sa mai teburi ya san iyakar abin da zai iya ɗauka, ya ci gaba da taimakon mutane ba tare da ya karye ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya ga yadda farashin fulawa da sukari da madara ya tashi. A irin wannan yanayi, wanda ba ya lissafi zai iya cinye jarinsa yana zaton riba yake ci.

Wasu za su ce, "In na koya wa yaro sirrina, gobe zai buɗe nasa a gabana ya kwashe min mutane." Wannan tsoro shi ya binne sana'o'i da yawa. Yaron dai zai tafi, ko ka koya masa ko ba ka koya masa ba. Gara ya tafi da sunanka da yardarka, ya buɗe a wata unguwa, kana da kaso a ciki. Ai mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Al'adar maigida ya riƙe yaro, ya koya masa kasuwanci, sannan ya sallame shi da jari, da ita fataken goro suka yi arziki. Alhassan Dantata ya rasu a 1955, amma har yau zuriyarsa na cikin manyan 'yan kasuwar Afirka. Hayar suna sallamar yaro ce da aka ƙara mata takarda da shaidu. Addininmu ma ya riga kowa: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Malamanmu na fiƙihu kuma sun yi bayanin ƙiradi, inda wani ke kawo jari wani ya kawo aiki a raba riba.

Wasu kuma za su ce yawancin masu wannan sana'a ba su yi boko ba. Wanda ya iya ajami ya iya riƙe littafi. Wanda bai iya ba, da wuya a rasa ɗan sakandare a gidansa.

Kada mu manta da iyayenmu mata. Ƙosai da masa da fanke da awara a hannunsu suke, kuma Allah Ya hore wa jihar nan wake da masara, duk mai shakka ya leƙa kasuwar Tudun Hatsi. Amma sana'ar da yawa daga cikinsu a kan tallan 'ya'ya mata ta dogara. Ranar da aka aurar da yarinyar, ciniki ya tsaya. Da matan layi guda za su haɗa kai su samu rumfa mai tsabta, da suna guda da ma'auni guda, su yi yarjejeniya da masu shayin unguwa su riƙa sarar ƙosan kullum safiya, da yarinya ta samu zuwa makaranta a kan lokaci, kuɗin kuma bai daina shigowa ba.

Ga abin da muke ba da shawara, kuma babu wanda ke buƙatar jiran gwamnati a ciki.

Na farko, duk mai teburi ko kasko ya sayi littafi. A rubuta abin da aka saya, abin da aka sayar, da wanda ake bi. A shafin farko a rubuta ma'aunin haɗi: ganyen shayi nawa, citta da kanumfari nawa, wake mudu nawa ke ba da ƙosai nawa.

Na biyu, wanda ke da yaron da ya ƙware, ya sallame shi da yarjejeniya a rubuce gaban shaidu biyu: jari nawa, kaso nawa, da sharaɗin cewa in ya ɓata suna za a karɓe sunan. Maigida kuma ya riƙa zagayawa yana ɗanɗanawa da bakinsa. Teburi biyu masu kyau sun fi goma da ake kuka da su. Wannan shi ne darasin Mr Bigg's.

Na uku, wanda sunansa ya fara tafiya ya yi masa rajista a hukumar CAC, kafin wani ya riga shi.

Na huɗu, magada su daina gaggawar karyar da kayan sana'a. A ƙiyasta darajarta, a fitar wa kowa kasonsa yadda shari'a ta tsara, sannan in sun amince a bar ta tana aiki ana raba riba. A tuntuɓi malamai kan yadda za a kare haƙƙin marayu a ciki.

Na biyar, mu 'yan ƙungiya da Allah Ya ba ilimin lissafi ko shari'a ko kasuwanci, kowa ya ɗauki mai shayi ɗaya ko mai ƙosai ɗaya a unguwarsa, ya zauna da shi ya taya shi buɗe littafin nan kyauta. Masu adashi kuma su duba yiwuwar ware zagaye guda domin wanda ke son buɗe teburi na biyu.

Muna roƙon duk wanda ya san wani teburi ko kasko a Gombe da ya wuce hannun mutum biyu ko uku a gida ɗaya, ya sanar da mu unguwar. Muna son mu je mu ji yadda suka yi, domin sauran su koya daga na gida.

Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.