Ciwon Sukari Ba Iri Ɗaya Ba Ne: Gargaɗi Ga Mutanenmu Na Kazaure Da Babura

A da can mukan ce ciwon sukari ciwon attajiran birni ne. Yau duk wanda ya leƙa babban asibitin Kazaure ko na Babura zai ga manomi daga Roni, da tsohuwa daga Gwiwa, suna jiran a gwada jininsu. Abin da ya dame mu shi ne yawancinmu ba mu san cewa ciwon kashi-kashi ne ba.

Iri na farko ya fi kama yara da matasa. Jiki ne ke daina yin sinadarin insulin, wanda ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Yaro sai ya riƙa yawan fitsari da ƙishirwa, yana ci yana ramewa. Maganinsa allurar insulin kullum, wadda aka gano a ƙasar Kanada a 1921. Sassaƙe ba ya maye gurbinta, kuma wanda ya bar ta yana iya rasa ransa cikin 'yan kwanaki ko makonni.

Iri na biyu shi ya fi yawa, wajen mutum 9 cikin 10 na masu ciwon. Gado da ƙiba da rashin motsa jiki ke jawo shi. Yakan yi shekaru a ɓoye, sai gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, ko gani ya dushe, a garzaya Asibitin Ido na ECWA a Kano bayan ɓarna ta yi nisa.

Na uku shi ne na masu juna biyu, kuma shi muka fi sakaci da shi domin sau da yawa ba ya nuna alama. Ana gano shi da gwajin jini tsakanin mako na 24 da na 28. In ba a kula ba, jariri kan yi girma har ya wuce kilo 4. Mu kuwa mukan yi murna da ƙaton jariri, alhali girman nan ke kawo doguwar naƙuda, ga macen da ke ƙauye nesa da ɗakin tiyata. Galibi ciwon kan tafi bayan haihuwa, amma uwar na cikin haɗarin kamuwa da iri na biyu nan gaba.

To, ina gizo ke saƙa? Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin magani da na mota zuwa asibiti suka hau. Iyali da dama sukan rage allura ko su tsallake awo. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba a dokar kuɗi ta 2021. A ganinmu, ya dace kuɗin nan ya koma ga gwaji da magani a ƙananan asibitocin karkara.

Namu aikin kuma a fili yake. Maigida ya ba da kuɗin awo, ya tambaya ko an gwada sukari. Zumuntar Mata ta riƙa bin sawun kowace mai ciki. Mai shan magani kada ya daina domin an yi masa addu'a, kada kuma ya shiga azumi sai ya shawarci likita. Wadda ta yi ciwon a lokacin ciki ta koma gwaji bayan mako 6 da haihuwa, ko da tana jin garau.