Darasin Raccah Rovers ga Sakwa da ƙasar Katagum

Ranar 26 ga Afrilun 1978, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa daga Kano ta kara da Fluminense ta ƙasar Barazil. Cikin 'yan wasan baƙin har da Pele, wanda ya rataye takalmansa watanni kaɗan kafin nan, amma ya sa rigar Fluminense don wannan wasa. An tashi biyu da ɗaya, baƙi ne da nasara. Ƙungiyar Kanon ita ce Raccah Rovers, wadda a shekarar ta lashe gasar lig ta ƙasa baki ɗaya, a 1979 kuma ta wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka. Lokacin da aka kafa Kano Pillars a 1990, Raccah ta riga ta zama labarin dattawa.

Mun ɗauko wannan tarihi ne saboda Sakwa da sauran garuruwan ƙasar Katagum. Cutar da ta yi ta kashe manyan ƙungiyoyin ƙasar nan ita ce ke kashe ƙananan ƙungiyoyin garuruwanmu a yau, sai dai su ba mai jin mutuwarsu.

A duba jerin waɗanda suka shuɗe. Leventis United ta Ibadan mallakar kamfanin Leventis ce, ta ci lig a 1986. Abiola Babes ta Abeokuta ta marigayi M.K.O. Abiola ce, ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1985 da 1987. Kafin 1990 dukansu biyun an rushe su, domin masu su sun janye hannu. BCC Lions ta Gboko ta ɗauko kofin Afirka a 1990, amma da kamfanin simintin da ke riƙe da ita ya shiga wani hali, sai ita ma ta bi shi. Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta faro a matsayin DIC Bees ta kamfanin ƙera makamai, ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1988, ta ci kofin Afirka ta Yamma a 1989, daga baya aka daina jin ɗuriyarta a babban rukuni. Ita kanta Kano Pillars an haɗa ta ne daga ƙungiyoyi uku: WRECA ta hukumar ruwa, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Bankin ma daga baya ya narke cikin Unity Bank.

Abu guda ya haɗa mafi yawansu: aljihu ɗaya ne ke ɗauke da su. Jama'a suna cika fili, suna ihu, suna faɗa a kansu, amma ba su da ko ƙwayar zarra a cikin mallakarsu. Ran da mai aljihun ya gaji, ko kasuwa ta juya masa baya, ba wanda ke da hurumin cewa a dakata. Kayan aro ba ya rufe katara.

Maganin da jihohin Arewa suka samo shi ne gwamnati ta ɗauki nauyi. Haka aka yi Wikki Tourists ta Bauchi a 1991. Ba ma raina abin da ta yi: ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1998 bayan ta doke Plateau United a bugun fenariti, ta zo ta uku a lig ɗin 2016, ta buga gasar Afirka a 2017. Ta faɗo daga babban rukuni a 2023, ta sake hawa a 2025. Amma aljihun gwamnati ma aljihu ɗaya ne, yana cika yana raguwa gwargwadon kasafin shekara da ra'ayin mai mulki. Ban da haka, Wikki a birnin Bauchi take. Yaron da ke murza leda a Sakwa, ko Gamawa, ko Udubo, ko Madara, tsakaninsa da filin Abubakar Tafawa Ɓalewa akwai tafiya mai nisa, kuma babu matakala a tsakani.

Ba rashin 'yan wasa ke damun yankin ba. Kowane gari yana da ƙungiyoyin unguwa, da la'asar filayen makarantu ba masaka tsinke. Sai dai yadda ake tafiyar da su kowa ya sani. Zaɓe na ƙaratowa sai kofuna su yi yawa, a raba riguna ɗauke da hoton ɗan takara, a yi wasan ƙarshe da kiɗa da jawabi. An gama ƙidayar ƙuri'a, an gama gasa. Ƙungiyar da wani attajiri ya kafa kuwa, ran da ya koma birni ko ya yi fushi, ranar za ta watse, wani lokaci har ƙwallo da raga ya kwashe.

Asara ta biyu ta fi ciwo, domin ba ta da gyara. Ƙungiya idan ta mutu a wajenmu, tarihinta na binta kabari. Fluminense har gobe tana ajiye da labarin ranar da Pele ya sa rigarta a Kaduna. Mu da aka yi abin a gidanmu, matasanmu nawa ne suka taɓa ji? Yaron da zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal har da na benci bai san sunan ko mutum ɗaya da ya buga wa garinsu a zamanin mahaifinsa ba. Laifin ba nasa ba ne. Ba a rubuta ba, ba a ajiye hoto ba, kofunan ma ba a san inda suka shiga ba.

Za a ce talaka da ke fama da kuɗin taki ina ya ga na riƙe kulob? Amsarmu ita ce, wannan talakan ne ke biyan kuɗin gidan kallo duk mako don ya ga wasan Ingila da Sifen. Kuma ba cewa muke a yi gogayya da Pillars ba, cewa muke a yi abin da zai ɗore. A Jamus ƙa'ida ce mambobi su riƙe rinjayen ƙuri'a a ƙungiyarsu, komai kuɗin mai zuba jari. A Ingila, da masu kuɗi suka yanke shawarar ɗauke Wimbledon daga unguwarta, magoya baya sun kafa tasu a 2002 daga can ƙasan rukunai, cikin shekara tara suka hau da ita rukunin ƙwararru. Mu ma mun san adashi, mun san aikin gayya, mun san yadda ƙungiyoyin ci gaban gari ke gina aji da rijiya.

Don haka muna kira ga matasa da dattawan Sakwa, da takwarorinsu na sauran garuruwa, su kafa ƙungiyar gari mai rajistar mambobi, da kuɗin wata ɗan daidai, da ma'aji mai karanta lissafi a bainar jama'a. Mai hali ya ba da gudummawa a gode masa, amma kada suna da kaya su zama nasa. Ƙananan hukumomin Zaki, Katagum, Gamawa da maƙwabtansu su kare filayen wasa daga masu yanka fuloti, su kuma tsayar da gasa mai lokaci sananne kowace shekara, ko da zaɓe ko babu. Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare su tura ɗalibai su zauna da tsofaffin 'yan wasa, su naɗi muryoyinsu, su kwafi hotunan da suka rage a akwatunansu. Wannan aiki na ƙarshe shi ya fi gaggawa, domin waɗanda suka buga ƙwallo a shekarun 1970 yau sun haura sittin, kuma kullum raguwa suke yi.